Ganye da Iri a Cikin Wejin Mota

Agugu ba ya yin iri. Duk wanda ya san tsiron nan mai ganye tsaga-tsaga, da ke fita a inuwar duwatsu da bakin ƙoramu a tudun Ngaundere, ko a jikin itacen kwakwar manja can kudancin Kamaru, ya san ba ya fure, ba ya 'ya'ya. In ka juya bayan ganyensa sai ka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere. 'Yan jakunkuna ne cike da wata ƙura mai laushi, iska ta kwashe ta, inda ta sami danshi nan sabon tsiro zai soma. Mutanenmu na Arewa sun fi sanin saiwarsa a hannun masu magani, don tsutsar ciki, fiye da ganyen kansa.

Shi ya sa dutsen da ya tsage a wani wurin gini a unguwar Poumpoumré ta Garwa ya tayar da gardama. Falle ne mai launin toka, faɗinsa taƙi ɗaya da 'yan kai, ya rabu gida biyu. A fuskar da ta buɗe akwai zanen ganye baƙi ƙirin, mai rassa da 'ya'yan rassa, wanda duk mai ido zai ce agugu ne. A kewayensa kuma, wasu har a tsakanin rassan, ga 'yan ƙwayoyi a warwatse, masu ɗan ƙyalli, kowace ba ta wuce milimita 5 ba. Maginin da ya fara gani ya ce iri ne. Ɗan yayata, wanda ke ajin ƙarshe a sakandare kuma yake taya shi aiki lokacin hutu, shi ya ɗauko ɓarin biyu ya kawo gida.

"Kawu, an koya mana agugu ba shi da iri. To ga agugu, ga irinsa. Ko littafin ne ya yi ƙarya, ko dutsen."

Abin da ke gabanmu bai wuce ɗaya cikin huɗu ba. Ko ganyen ba na agugu ba ne, ko ƙwayoyin ba iri ba ne, ko kuwa duka biyun gaskiya ne amma kowanne da uwarsa, ruwa ne ya tara su wuri guda. Na huɗun shi ne yaron bai san da shi ba, kuma shi ya fi daɗin ji: an taɓa yin tsirrai a duniya masu ganyen agugu da iri a jiki ɗaya. Za mu zo kansu. Amma kafin a tambayi ganye ko na wane ne, sai a tambayi dutse ko ɗan wane gari ne.

Maginin bai yi jinkiri ba. "Malam, wannan ba dutsen Garwa ba ne. Namu in ka shafa sai ya karce maka hannu." Gaskiyarsa. Garwa tana zaune ne a kan dutsen yashi mai tsakuwa-tsakuwa, irin wanda ya yi tsaunukan Tinguelin da ake hange a arewacin gari. Yashin manyan koguna ne na zamanin da, ya danƙare ya zama dutse. Ruwa mai ƙarfin da zai turo irin wannan yashi ba ya barin ganye ya kwanta lafiya, kuma ko ya kwanta, ƙwayar yashin ta yi kauri da ta ɗauki tambarin jijiya. Namu fallen kuwa santsi gare shi, in ka kankare shi da wuƙa gari yake bayarwa, kuma a gefensa kana iya ƙirga shimfiɗu sirara, ɗaya bisa ɗaya. Laka ce ta kwantaccen ruwa.

To wa ya kawo laka daga wani tafki zuwa wurin ginin da ba a sayi ko tifa ɗaya ta dutse ba? Mai gadi ne ya tuna. Ranar da aka sauke siminti, yaron motar ya cillo wani dutse daga bayan mota, ya faɗi a kan bulo ya dare. Da aka samo yaron a tasha sai ya yi dariya, ya ce ai wejinsa ne. Taya ce ta yi musu faci jim kaɗan bayan sun baro Figuil, ya gangara wani busasshen rafi ya ɗauko dutse mai faɗi ya tokare motar, da suka gama ya jefa shi baya don gaba.

Wannan amsa ta ƙara wa dutsen daraja. Figuil na kan hanyar Marwa, wajen kilomita 90 daga Garwa, kuma an san ta da siminti da farar ƙasa saboda dutsen mabul da ake fasawa a yankin. Shi mabul ɗin ba wurin neman ganye ba ne, don ya girmi duk wani tsiron tudu a duniya, kuma zafi da matsin ƙasa sun riga sun dafa shi. A jikinsa ne mutanen da suka sassaƙa zane-zanen nan na Bidzar, abin da ya sa ma wani maƙwabci ya ce ƙila namu ma hannun mutum ne. Ba a daɗe a kan wannan ba: zanen yana cikin dutse a rufe har ranar da ya faɗi a kan bulo.

Amma dab da mabul ɗin akwai wata ƙasa dabam. Lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suka fara rabuwa, ƙasa ta tsage daga bakin teku ta nausa ciki, tsagar da kogin Binuwai ke bi yau. A ƙarshenta na gabas an sami ƙananan kwaruruka da suka nutse suka tara ruwa: na Babouri-Figuil, da na Mayo Oulo-Léré da ya kai har cikin Chadi, da na Hama-Koussou, da na Koum can a Mayo-Rey. Lakar waɗannan tafkuna ta kwanta ne shekara miliyan 120 da wani abu da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Kiritashiyos, lokacin da dainoso ke yawo. A shekarun 1980 wani ayarin masana na Faransa da Amurka da Kamaru ya bi kwarurukan nan, cikinsu har da Michel Brunet, wanda daga baya ayarinsa ya tono wani daɗaɗɗen ƙoƙon kai da ake kira Tumai a Chadi a 2001. A Babouri-Figuil an sami kifaye masu kaurin sulke, da sawun dainoso, da wani ɗan kada da aka raɗa wa suna Brillanceausuchus babouriensis a 1990. A Koum an sami haƙoran dainoso da na wata 'yar mitsitsiyar dabba mai shayarwa, Abelodon abeli. Jean Dejax kuma ya bi abin da ido ba ya gani, wato bununin itatuwa da ƙurar haihuwar tsirrai da suka maƙale a cikin lakar.

Ashe dai dutsen ɗan gidan burbushi ne. Shekarunsa sun kai, lakarsa ta yi laushin da za ta riƙe tambari, agugu kuma yana nan a duniya tun kafin lokacin. Babu abin da ya hana ganyen ya zama na gaske. Yaron ya fara murna, har yana cewa a kai gidan rediyo.

A nan ne muka shiga wajen wani dattijo a layinmu, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya. Ya juya fallen, ya sake juyawa, bai ce uffan a kan ganyen ba. Sai ya ce da yaron, "Ɗana, tambayar nan taka ta taɓa cin Turawa shekaru masu yawa. Zauna ka ji." Labarin da ya ba shi ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa ne ma'aunin da ya warware namu yake.

A ƙarni na 19, da haƙar kwal ta bunƙasa a Ingila da Faransa da Jamus, masu haƙa sun riƙa cin karo da ganyaye a jikin dutsen da ke saman kwal, da yawan gaske, kusan duka masu kama da agugu. Matsalar ita ce tsiro ba ya mutuwa ɗungurungum. Ganye ya kaɗe a nan, reshe ya karye a can, iri ya gangara wani wuri. Wani Bafaranshe, Adolphe Brongniart, tun a shekarun 1820 ya ga ba yadda za a yi sai a ba kowane yanki sunansa. Ya karkasa ganyayen bisa yadda 'ya'yan ganye suka kama reshe da yadda jijiyoyinsu suka tafi: Pecopteris, Neuropteris, Sphenopteris. Har gobe da waɗannan sunaye ake aiki. Itace yana da nasa sunan, iri yana da nasa. Kowa kuma ya ɗauka ganyayen na agugu ne, har aka riƙa kiran zamanin kwal da zamanin agugu.

Sai dai akwai abin da bai zauna ba. In agugu ne, ina ɗigo-ɗigon bayan ganye? A wasu nau'o'in ana ganin su sarai. A wasu kuwa, irin su Neuropteris da Alethopteris, an tara dubbai ba a taɓa ganin ko ɗaya ba. Dionys Stur na Biyena ya nuna wannan a 1883, ya ce yana shakkar aguguncinsu. Ga kuma iri barjat a cikin duwatsun nan, manya da ƙanana, ba a san uwarsu ba. Ganye ba ƙura, iri ba uwa, a shimfiɗa ɗaya. Mai gaggawa zai ce a haɗa su aure kawai a huta. Ba su yi ba, kuma a ganina wannan haƙurin shi ne abin yabo a labarin duka. A teburin mahauci kana iya ganin kan akuya kusa da ƙafar rago, kusancin bai sa sun zama dabba ɗaya ba.

Hujjar ta fito ne daga wasu curarrakin dutse da ke cikin kwal ɗin Lankasha a arewacin Ingila, waɗanda masu haƙa suka tsana don suna dakusar da kayan aiki. Ruwa mai farar ƙasa ne ya jiƙa tarin ganye da saiwa tun kafin su matse su zama kwal, ya daskarar da su yadda suke. In aka yanka curin aka goge shi har haske ya ratsa, ana ganin ƙwayoyin jikin tsiron ɗaya bayan ɗaya a madubin ƙara girma. William Williamson na Mancesta ya ƙare rayuwarsa a kan irin waɗannan yankan. A cikinsu akwai wani siririn kara da aka sani da Lyginodendron oldhamium, mai ganyen Sphenopteris, wanda cikinsa bai yi daidai da na agugu ba, don yana ƙara kauri irin na itace. Henry Potonié a 1899 ya ware wa ire-irensa wani rukuni tsakanin agugu da itatuwa masu iri. Akwai kuma wani ɗan iri, Lagenostoma lomaxii, tsawonsa wajen milimita 5, wanda aka sa wa sunan James Lomax, mutumin Bolton da ke sana'ar yanka duwatsun.

A 1903 Francis Oliver na Jami'ar Landan da Dukinfield Scott na Kew suka sanar da abin da suka gani. Wasu daga cikin irin suna zaune a cikin wani ɗan ƙoƙo, a bayan ƙoƙon kuma akwai 'yan gashi gajeru, kowane da dunƙulallen kai. Irin wannan gashi sak yana jikin karan Lyginodendron da marikin ganyensa da ganyen, kuma babu wani tsiro a cikin curarrakin da yake da shi. Wata ɗalibar Oliver, Marie Stopes, na cikin waɗanda suka taya bin yankan ana nema. Ba su sami irin a manne da karan ba, amma sun sami shaidar gida ɗaya a jikin su biyun. A 1904 Robert Kidston ya kawo abin da ya rage: iri a kan sanda, sandar kuma ɗauke da 'ya'yan ganyen Neuropteris. A shekarar ne Oliver da Scott suka ba rukunin suna, agugu mai iri, ko da yake ba agugu ba ne ko kaɗan, ganyen ne kawai ya ɗauko kama. Nahiyarmu ma ta sa hannu. Glossopteris, ganye mai siffar harshe da ya cika duwatsun kwal na Afirka ta Kudu da Indiya da Ostireliya, Brongniart ya sa shi cikin agugu a 1828. Sai a 1952 Edna Plumstead ta Johannasbag ta bayyana samfuran Vereeniging masu kayan haihuwa manne a jikin ganyen. Shekara 124 ana jira.

"To ka ji," in ji dattijon. "Hujja iri biyu ce. Ko ka ga abin a manne, ko ka ga wata alama da su biyu kaɗai ke da ita. In ba ɗaya daga cikinsu, kama da wane ba wane ba ne."

Yaron dai abin da ya riƙe shi ne milimita 5. Irin Lomax milimita 5, namu milimita 5. "Baba Malam, ai shi ne!"

Shekaru ne suka fara rage masa zafi. Tsiron Lankasha ya rayu fiye da shekara miliyan 310 da suka wuce, lakar Figuil kuwa ba ta kai rabin haka ba. Wanda ke son ganyayen zamanin kwal a yankinmu, Nijar zai nufa, yammacin tsaunukan Ayar, inda kamfanin Sonichar ke haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin. Kwal ɗin Inugu ma, duk da sunansa kwal, ƙanen dutsenmu ne. Amma wannan bai rufe ƙofa ruf ba, don wasu jikokin agugu mai iri sun kai har zamanin dainoso. Dole a koma ga dutsen.

Mai gyaran agogo na bakin titi ya ara mana gilashin da yake maƙalawa a ido, mai ninka abu sau 10. Muka fita tsakar gida da hantsi, aka karkata fallen yadda rana za ta zo masa ta gefe, don haske na tsaye yana ɓoye tudu da kwari. Aikin farko, a bi ƙwayoyin ɗaya-ɗaya a ga ko akwai wadda ke kan sanda. Babu. Wasu reshe ya bi ta gefensu, wasu ya bi ta kansu, amma ba wadda reshe ya ƙare a gindinta. Dattijon ya sa bakin wuƙa a gefen ɓari ɗaya ya ɓamɓaro wata shimfiɗa ta ƙasa. Ga ƙwayoyin nan fal, sun fi na sama yawa, har suna hawa kan juna, ba ko alamar ganye. Ashe ƙwayoyin ba sa bukatar ganyen. Zato na huɗu ya faɗi a nan, saura uku.

Sai aka juya kan ganyen, aka tuhume shi shi kaɗai.

Ganyen agugu na gaske yana da tsari, ko na yau ko na cikin dutse. Akwai sandar tsakiya mai kauri a gindi, tana sirancewa zuwa sama. Rassa na fita daga gare ta da tazara kusan ɗaya da karkata kusan ɗaya. Kowane ɗan ganye yana da baki, wato iyakar da za ka iya bi da allura, a cikin iyakar kuma akwai jijiyar tsakiya da ƙananan jijiyoyi, waɗanda da su ne Brongniart ya raba nau'o'insa. Ganye abu ne mai jiki, saboda haka yakan bar ɗan tudu a ɓari ɗaya da ɗan kwari a ɗayan, sau da yawa da wata fatar gawayi da ke ɓantarewa. Kuma ganyen da ruwa ya kawo yakan nuna wahala: ya yage, ya naɗe, wani sashi ya hau kan wani.

Namu ba shi da ko ɗaya. A ƙarƙashin gilashi, abin da ido ke gani kamar ɗan ganye sai ya zama wasu rassan ne ƙanana, su ma da nasu rassan, har inda gilashin ya gaza. Ba fili, ba baki, ba jijiya. Rassan suna matsowa kusa da juna amma ba sa taɓawa, ba sa gittawa, kowanne yana kauce wa ɗan'uwansa. Ka shafa da farce ba tudu ba kwari, baƙin ya shiga dutsen ne kamar rini. Da muka bi shi zuwa gindi don neman marikin ganye, sai muka tarar ya taso ne daga wata siririyar tsaga da ta ratsa fallen, kuma a ɗaya hannun tsagar wasu ƙananan suna tasowa su ma, suna fuskantar baya.

Yaron ne ya ga abin da ya kashe maganar. Ya juya dutsen a tsaye yana duban kaurinsa, sai ya ce, "Kawu, ga wani nan a gefe." A bangon tsagar, inda dutsen ya karye daga sama zuwa ƙasa, ga irin zanen nan ya gangara ya ratsa shimfiɗu da yawa. Kowace shimfiɗa lakar lokacinta ce, ta ƙasa ta riga ta sama kwanciya. Ganye yana kwanciya a kan ɗaya ne, na bisa su rufe shi. Abin da ya keta su duka a tsaye ya zo ne bayan sun zama dutse sun tsage.

Dattijon ya aika aka sayo ruwan haidurojin na wankin ciwo a kantin magani, ya kuma sa aka fasa tsohon batir na tocila. Baƙin garin nan na cikin batir, da muke shafa wa allon makaranta muna yara, akasarinsa sinadarin manganis ne, kuma manganis yana wargaza haidurojin nan take ya fitar da iska. Aka ɗiga a kan garin batir, ya tafasa. Aka ɗiga a kan gawayin girki, ba a ga abin a zo a gani ba. Aka ɗiga a inda dutsen yake fili, shiru. Aka ɗiga a kan baƙin reshe, sai ga 'yan kumfa suna tasowa a jere, suna bin zanen.

Ganyen dai ba ganye ba ne, bai taɓa rai ba. Ruwan ƙasa mai ɗauke da narkakken manganis ne ya tsiyaya ta tsagar, ya shiga tsakanin shimfiɗu biyu inda ko gashi ba zai shiga ba, ya haɗu da iska, manganis ɗin ya kwanta. Duk inda wani ɗan tsini ya ɗan yi gaba, shi ke fara samun sabon kaya, sai ya ƙara gaba ya rabu biyu, na baya su rasa. Wannan ne ya sa rassan ba sa haɗuwa: kowanne ya cinye abin da ke kewayensa. Masana na kiransa dandarait. Yana fita a duwatsu iri-iri a duniya, ya yi suna a farin dutsen Zolnhofen na Jamus, kuma kusan ba gidan tarihin da ba a kai musu shi da sunan agugu.

Yaron ya yi shiru, ya tura dutsen gefe. A nasa lissafin, tun da ganye ya zama rini, ƙwayoyin ma tsakuwa ce. Dattijon ya mayar masa da gilashin. "Ba ka gama ba. Dubi guda ɗaya da kyau, ka gaya mini ina layukanta suka nufa."

Iri yana da gindi, inda ya kama uwarsa, yana da baki, inda bununi ke shiga. In yana da layuka a jiki, daga gindi suke tashi su nufi baki, kamar yadda ake gani a Trigonocarpus na zamanin kwal mai haƙarƙari uku. Na dutsenmu ba haka suke ba. Layukan sirara ne ƙwarai, suna bin kewayen ƙwayar, ɗaya cikin ɗaya, duka suna zagaye wani ɗan tudu da ke kusa da kusurwa. Gefe ɗaya na ƙwayar miƙaƙƙe ne sambal, sauran a lanƙwashe. A sabuwar shimfiɗar da aka ɓamɓaro kuwa an sami wasu bibbiyu, sun buɗe, suna haɗe ta miƙaƙƙen gefen, wannan hoton wancan. Ba irin da ke yin haka. Wannan ɓawo ne mai murfi biyu, gidan wata dabba.

Da farko an yi zaton 'ya'yan makankari ne, abin nan mai ɓawo na cikin kogi. Amma ɓawon makankari in an matse shi fashewa yake yi, waɗannan kuwa da yawansu yamutsewa suka yi, alamar ɓawon siriri ne mai lanƙwasuwa. Dattijon ya ɗauko wani tsohon littafinsa na Faransanci ya buɗe mana hoton. Esteriya ce, 'yar ƙaramar dabbar ruwa dangin jatan lande da ƙaguwa, mai zama a cikin ɓawo biyu. Duk lokacin da ta saɓa fata ta ƙara girma ba ta yar da tsohon ɓawon, sai ta ƙara masa sabon baki, kowane layi saɓa ɗaya ke nan. Kuma ba baƙuwa ba ce a inda yaron motar ya tsaya. Tun a shekarun 1950 wata Bafaranshiya, Simone Defretin, ta yi nazarin waɗanda aka samo a arewacin Kamaru, kuma suna daga cikin burbushin da aka fi samu a lakar waɗannan kwaruruka.

Abin ya juye ke nan. Zanen da kowa ke sha'awa ba burbushi ba ne. Ƙwayoyin da ba wanda ya kula da su sai don suna kusa da shi, su ne burbushin gaske, shekara fiye da miliyan 100, sai dai na dabba ne. Shi ya sa ma baƙin reshe ya hau kan wasunsu: sun riga shi zuwa da nisa. Littafin makaranta ya fita da mutuncinsa.

Maginin bai gamsu ba. Ya ce shi bai taɓa ganin jatan lande a cikin ɓawo ba, kuma hoton littafi ba shaida ba ne. Na ga yana da hujja, ai gani ya kori ji. Sa'ar da aka yi, dangin Esteriya ba su ƙare ba. Suna nan a kududdufan damina, irin waɗanda ke ƙafewa da rani, inda kifi ba ya samun zama balle ya cinye su. Ƙwansu yana jure shekaru a busasshiyar laka, ruwa na cika wurin ya ƙyanƙyashe, cikin mako biyu ko ƙasa da haka sun girma sun zuba nasu ƙwan kafin ruwan ya janye. Da damina ta zauna a watan Agusta, yaron ya bi kududdufan hanyar Pitoa da matacin shayi, ya dawo da wasu a kwalba. Suna iyo a karkace, ƙafafu na kaɗawa a tsakanin murfin biyu. Aka ɗora ɗaya a kan fallen aka miƙa wa maginin gilashin mai agogo. Ga miƙaƙƙen gefe, ga ɗan tudu a kusurwa, ga layuka ɗaya cikin ɗaya. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ikon Allah. To na yarda da wannan. Amma ganyen ya fi kyau."

Su ƙwayoyin sun gaya mana abin da ganyen ba zai iya ba. Inda suka yi yawa haka, ruwan mai daɗi ne, marar zurfi, mai zuwa yana komawa. Irin waɗannan ƙananan ɓawo na daga cikin abin da masana ke gwada duwatsun Afirka ta Yamma da na arewa maso gabashin Barazil da shi, tun da a lokacin tafkunan maƙwabtan juna ne. Kadan nan Araripesuchus, da aka fara samu a Barazil, an sami ɗan'uwansa a Gadufawa ta Nijar aka sa masa suna a 1981. Lakar da ta riƙe layukan ɓawon da bai wuce milimita 5 ba kuma za ta riƙe jijiyar ganye, in ganyen ya faɗa cikinta. Don haka dattijon ya ce wa yaron, in yana son agugunsa na gaske, ya jira rani ruwa ya janye, ya je rafin da guduma da kurfi, ya riƙa tsaga shimfiɗu masu duhu, ya naɗe kowane ɓari da ɗan'uwansa a takarda, ya rubuta wurin da ranar tun yana tsaye a can.

Aka koma tasha neman yaron motar ya yi kwatance. Ya ce ya tuna wurin sarai, zai ma raka shi, amma da sharaɗi: a fara biyansa wejinsa da aka fasa.